Bayan da Kasuwar Salaga ta Watse



Sarakunan Fulani da ardo-ardo, sarakunan zango, sarakunan pawa, iyayenmu masu saukar baƙi, dillalai da 'yan kore, da ku samari masu sanda a kafaɗa, sannunku da zuwa. Mun gode da kuka bar garke da kara kuka zo sauraronmu, mun kuwa san waɗansunku tun assalatu su ke bisa hanya.

A 'yan shekarun nan duk inda muka zauna da ku, a Bawku ne ko Yandi ko Salaga, kuka iri ɗaya mu ke ji. Wannan an tashe shi daga mashekarin da ya daɗe yana kafa ruga. Wancan ya wayi gari ya tarar an nome burtalin da ya saba bi. Wani kuma kasuwar da ubansa ya ci, kakansa ya ci, ita ce ya ke kallo tana mutuwa a gabansa. Ba mu zo mu ce muku wannan ba ciwo ba ne, mu ma jikinmu ya gaya mana. Labari muka zo da shi na mutanen da irin wannan ta taɓa faɗa wa a wannan ƙasa ta Gana, har ma nasu ya fi namu muni, da yadda ƙarshensu ya kasance. Abin da ya sa ya kamata mu san labarin kuwa shi ne, cinikin shanun nan da mu ke ci da shi yau, a kan kufan wata sana'a aka kafa shi.

Mu fara da Salaga. Yaron da ya sauka a tashar motar garin yau, da wuya ya yarda cewa an yi zamanin da babu falken da bai san sunan Salaga ba, tun daga Kano da Katsina har Kukawa ta Barno. Gwanja ke nan, ƙasar goro. Abin mamaki shi ne goron ba a Salaga ya ke tsirowa ba. A kurmin Tonawa ya ke, watau Asante, sarakunan Kumasi kuwa ba su yarda baƙo ɗan arewa ya kutsa kurmi ya saya da kansa ba. Mutanensu ke ɗauko shi a ka, su haye kogin Volta su kawo Salaga. Nan ne iyakar falke, nan a ke haɗuwa. Ashe ke nan duk arzikin garin a kan dokar wani sarki ya rataya, sarkin da ko a garin ba ya zaune. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Da kaka ta yi, rafuka suka ja baya, sai ayari ya tashi daga ƙasar Hausa a ƙarƙashin madugu, da jakuna da takarkarai da alfadarai, mutane ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi suna a wannan fatauci. Masu bin hanyar kudu su ƙetare Kwara a wajen Yawuri ko Busa, su ratsa Borgu ta Nikki da Jugu. Masu bin ta arewa kuma su bi ta ƙasar Gurma su faɗo Sansanin Mango. Da yawansu a Yandi su ke yada zango, su huta, su gai da Ya-Na sarkin Dagwamba, kana su miƙe kudu zuwa Salaga. Kowane sarki a hanya da garamarsa, kowane kogi da kuɗin fitonsa, ga 'yan fashi a daji, zuwa kaɗai sai ya ci watanni. Su kawo kanwa da turkuɗi da riguna da jemammun fatu da dawaki, mutanen Moshi su gangaro da shanu da tumaki da jakuna, kowa ya koma da goro, ana ƙirga shi ƙwarya-ƙwarya, ana naɗe shi cikin ganye, ana kwancewa a hanya a yayyafa ruwa a tsince wanda ya ɓaci. Garin ba shi da kogi a kusa, shi ya sa aka yi ta haƙar rijiyoyi har a ke ce masa gari mai rijiya dubu.

Akwai kuma hajar da ba mu jin daɗin ambatonta, amma ɓoye ta ba zai sa ta ɓace ba. Ana sayar da mutane a kasuwar Salaga kamar yadda mu ke sayar da bijimi. A shekarun 1880 mayaƙan Zabarmawa, waɗanda Babatu ya shugabanta daga baya, sun yi ta kame Gurunsawa suna kora su kasuwanni, Salaga na ciki. Babatu ɗin nan da Turawa suka karya shi, Yandi ya koma ya ƙare kwanakinsa, kabarinsa yana can. Rijiyoyin da a ke wanke bayi kafin a kai su kasuwa ma suna nan a Salaga, ana kai baƙi su gani. Saboda haka in muna juyayin mutuwar wannan kasuwa, mu tuna akwai waɗanda mutuwar tata ita ce farkon barcinsu da ido biyu rufe.

To, a watan Fabrairu na 1874 sojan Ingila suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Da labari ya iso arewa, mutanen Gwanja ta gabas suka ga dama ta samu, suka yi wa Tonawa tawaye, aka kashe da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a Salaga. Murna ba ta daɗe ba ta koma ciki, domin Tonawa sun rama ta hanyar da ta fi takobi ciwo: suka hana goro zuwa Salaga, ciniki ya karkata zuwa Kintampo. Kun ga dokar sarkin nan da muka ce ku riƙe. Garin ya ci gaba da lallaɓawa da cinikin bayi da dabbobi da gishirin da a ke hawowa da shi ta kogi daga Ada, har ƙarshen 1892, lokacin da rigimar sarauta ta ɓarke a Kpembe, garin sarakunan da ke mulkin Salaga, nan kusa da ita. Kabachewura Isifa na gidan Kanyase ya nemo taimakon Dagwamba da Nanumba, ya yaƙi Kpembewura Napo ya kore shi. Sarautar ba ta baƙin zango ba ce, amma gobara ba ta tambayar mai ɗaki. Aka washe gari, attajirai da malamai da mahauta da masu saukar baƙi suka fita da abin da kai zai iya ɗauka.

Waɗanda suka zauna jiran kasuwa ta dawo sun daɗe suna jira. Jamusawa da Ingilishi suka yi ta ja-in-ja a kan wannan yanki. A watan Disamba na 1896 Jamusawa suka karya rundunar Dagwamba a Adibo suka ƙone Yandi, a 1899 kuma Turawan biyu suka raba ƙasar a tsakaninsu, Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yandi ta faɗa hannun Jamus. Zango biyu da ke kan hanya ɗaya tun kaka da kakanni, aka ja iyaka a tsakaninsu. Sai bayan yaƙin 1914 Yandi ta koma hannun Ingila. Duk wanda ya tsaya a kufan Salaga a wancan lokaci ya ce wani alheri zai fito daga cikin wannan, da an ce masa ya taɓu.

Amma ku bi sawun waɗanda suka fita. Wani ɓangare ya gangara Kete, kusa da Karachi a bakin Volta, cikin 'yan shekaru ƙauyen ya zama babbar kasuwa. A cikin waɗanda suka koma can akwai Alhaji Umaru ɗan Abubakar, haifaffen Kano a wajen 1858, wanda ya taso yana karatu a Kabi da Sakkwato yana kuma taɓa fatauci. Ku dubi rashin sa'a irin tasa: ya baro ƙasar Hausa ya iso Salaga a 1892, a shekarar da garin ya watse. Daga baya ya bi jama'a zuwa Kete-Karachi, ya zama limami, ya zauna yana karantarwa yana rubutu da Larabci da ajami, a kan tarihin ƙasar Hausa da sana'o'inta, da yaƙin Salaga kansa, da zuwan Turawa. Ya rasu a 1934, almajiransa sun bazu a zangunan ƙasar nan, kuma har yau da wuya a lissafa malaman da aka yi a Gana ba a fara da shi ba.

Waɗansu suka nufi Yeji da Atebubu da Kintampo, waɗansu har Lome da Ankara, babban birnin ƙasar nan, inda har yanzu akwai kasuwar da a ke kira kasuwar Salaga. Sa'an nan abin da ba wanda ya zata ya auku. A 1896 Ingilishi suka kama Asantehene Prempeh, a 1901 suka haɗiye ƙasar Asante gaba ɗaya, ƙofar kurmin da aka hana kakanninmu shiga ta buɗe. 'Ya'yan mutanen da Salaga ce iyakarsu suka shiga har gindin itacen goro suna saye da kansu, zangon Kumasi ya cika ya batse. A 1903 jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga 1912 kuma jirgin ƙasa ya ɗauke shi daga Ikko zuwa Kano. Tafiyar da a ke yi da jaki wata da watanni, rabin kaya na ruɓewa a hanya, ta koma ta 'yan makonni. Alhassan Ɗantata, Ba'agale ne haifaffen Bebeji a 1877, ɗan gidan madugai, mahaifiyarsa kuma a Ankara ta ke zaune. Da ya nace sai ya yi fatauci yadda ubansa ya yi, da ya ƙare yana kora jakuna a hanyar da ta mutu. Yana cikin na farko-farkon da suka ɗora goro a jirgin ruwa, daga nan ya shiga cinikin gyaɗa, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Yanzu ga inda labarin ya shafe mu kai tsaye. A daidai wannan lokaci koko ya kama a kurmi, har a 1911 Gwalkwas, watau Gana ta yau, ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da shi. Ga ma'adinan zinariya a Obuasi da Tarkwa cike da leburori. Mutane sun sami kuɗi suna son nama, kurmi kuwa ba ya riƙe shanu saboda ƙudan tsando. Daga ina naman zai fito? Daga arewa, daga ƙasar Moshi da Gurma da Liptako da Masina, har da Nijar. Sai tsohuwar hanya ta juya. A da goro ne ke hawa arewa shi ne uban tafiya, dabba 'yar rakiya. Yanzu saniya ce ke gangarawa kudu ita ce uwar ciniki. Garke ya shigo ta Bawku ko ta Paga, 'yan kore su bi da shi har Salaga, a haye Volta a Yeji, a yada zango a Prang, wadda cinikin shanu ya mai da ita gari, a bi ta Atebubu da Ejura da Mampong har Kumasi. Bawku da ke can ƙuryar arewa maso gabas, inda ƙasar Ingilishi ta yi iyaka da ta Faransawa, ta zama babbar ƙofa. Gidajen da suka kama wannan ciniki kuwa, da yawansu na zangunan nan ne da watsewar Salaga ta cika da mutane.

Me ya sa su suka kama shi, ba wasu ba? Mun daɗe muna juya wannan tambaya, abin da muka gano kuwa shi ne, akwai abin da suka fito da shi daga Salaga wanda mai wasoso ba ya iya ɗauka. Kun san shi, domin da shi ku ke aiki kullum. Baƙo ya zo da shanu hamsin garin da bai san kowa ba, bai kuma jin harshensu. Maigida ya sauke shi, ya ba shi ɗaki da abinci. Dillalin maigida ya haɗa shi da mahauci, mahaucin nan kuwa ba shi da kuɗi a hannu, sai ya yanka ya sayar. Aka ba shi bashi a kan bakin maigida, ba takarda, ba shaida sai ta mutanen kara. In mahauci ya gudu, maigida ne zai biya daga aljihunsa, domin in bai biya ba, labari zai riga baƙon isa Jibo ko Dori, baɗi kuwa ba mai sauka gidansa. Wannan tsari na maigida da dillali da la'ada da shi a ke cinikin goro, da goro ya kuɓuce aka ɗora shanu a kansa, ya kuwa ɗauka. Wata Baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, ta zauna ta yi nazarinsa a kasuwar shanun Kumasi a shekarun 1960 ta rubuta shi. Mu da ke cikinsa ba mu cika ganin girmansa ba, sai ranar da ya ɓaci.

Bari mu bar falke mu koma kan mai sanda, domin shi ma an taɓa tilasta masa abin da ya ƙi. A wajen 1891, kusan lokaci ɗaya da faɗuwar Salaga, bushiya ta ratso daga gabashin Afirka ta share garkunan yankinmu, wurare da dama cikin shanu goma da ƙyar ɗaya ko biyu suka tsira. Ta kuma riƙa dawowa bayan 'yan shekaru. A farkon shekarun 1930 likitan dabbobin gwamnatin mulkin mallaka, Kyaftin J. L. Stewart, ya kafa cibiyarsa a Pong-Tamale ya soma yi wa shanun arewa allurar rigakafi gunduma-gunduma. Shanun da a ke shigowa da su daga ƙasar Faransa kuma sai an tsare su a bakin iyaka, a Mogonori da Pusiga kusa da Bawku, da kuma Paga, an duba su kafin su wuce. Ba wanda ya so wannan. Falke yana ganin kwanakinsa na tafiya, shanunsa na ramewa a tsare. Makiyayi kuwa yana da hujjarsa mai ƙarfi, domin allurar farko da jinin dabba mai cutar a ke haɗa ta, saniya takan yi zazzaɓi, wata ma ta mutu. Ga tsoron kada ƙirgan allura ya zama ƙirgan haraji. Wanda ya kora garkensa daji da dare don gudun malamin dabbobi ba wawa ba ne, abin da idonsa ya gani ya bi.

Amma da cutar ta sake zagayowa, garken da ke da lambar allura ya tsaya, na maƙwabci ya kwanta, gardama ta ƙare. Allurar ma ta yi ta gyaruwa. A 1962 ƙasashen Afirka suka soma gangamin haɗin gwiwa a kewayen Tafkin Chadi, ya bazu yamma har ya iso Gana. Da aka yi sake, cutar ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi wa Fulanin Nijeriya mummunar ɓarna, dattawanmu da ke nan ba su manta 1983 ba. Aka sake ɗaura ɗamara. A 1988 aka ga bushiya ta ƙarshe a Afirka ta Yamma, a nan kan iyakar Gana da Burkina Faso, a 2011 kuma aka ba da sanarwar cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. Yaran da ke zaune a bayan taron nan, ku tambaye su yadda saniya mai bushiya ke yi, ba su sani ba.

Akwai biyu da za mu ambata mu wuce. Madatsar ruwan Akosombo da aka gama a 1965 ta tashi mutane kimanin 80,000, ta haɗiye tsohuwar Kete-Karachi, ta mai da mashigin Yeji tafki mai faɗi. Babbar hanyar arewa ta koma ta Kintampo da Buipe, Salaga ta sake zama a gefe. Kora da ƙafa zuwa Kumasi ta mutu, 'yan kore da yawa suka rasa abin yi, amma saniyar da mota ta sauke a Kumasi ko a Tulaku ta Ashaiman da naman jikinta ta ke isa, ba ta bar shi a hanya ba. Na biyu, ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. An yi kuka a zanguna, an sayar da gidaje a arhar banza, waɗansu ma a Gana aka haife su. Waɗanda suka koma Nijeriya da yawa sun isa ne gab da kuɗin man fetur ya buɗe, alhali tattalin arzikin Gana ya yi ta gangarawa a shekarun 1970. Hausawa na cewa wani hanin ga Allah baiwa ne. Ba kowa ya ga baiwar ba, waɗansu baƙin ciki ya kashe su. A 1983 kuma Nijeriya ta kori 'yan Gana wajen miliyan ɗaya.

Sai fari. Yawancin rugagen da ke kewayen Yandi da Gushegu da Karaga da Salaga yau, in ka bi asalinsu, farin 1973 ko na 1984 ne ya koro iyayensu daga arewa. Akwai Fulani a wajen Bawku tun farkon ƙarnin da ya wuce, amma gangarowa kudu da yawa haka, fari ne ya jawo. Mutum ya taso da garken da ya gada, ya iso da 'yan ƙwarori ko da sanda kaɗai. Ya je ya durƙusa gaban Badagwambe ko Bagwanje mai shanu ya karɓi kiwo, ladansa nono da ɗan filin da zai noma masara. Ga ɗan Fulani babu faɗuwar da ta kai wannan, kiwon dukiyar wani. To amma a cikin wannan kiwon ne aka koyi abubuwa. Aka koyi cewa farar saniya mai tozo ba ta jure sammoren wannan daji, sai an haɗa ta da 'yar gajeriyar saniyar ƙasar, wadda da can mu ke yi wa dariya. Ruwa-biyun da suka haifa, wanda a ke kira sanga, shi ne ya cika garkunanmu yanzu. Aka koyi allurar sammore da maganin kaska. Matanmu suka kama yin wagashi suna kai wa kasuwa, kuɗin cefane da na makarantar yara ya riƙa fitowa daga ƙwarya. Kuɗin nono ya sayi karsana, karsana ta haihu. Akwai mutane a wannan taro da ubanninsu suka shigo Gana ba su da ko ɗan maraƙi, yau su ke ɗaukar wasu kiwo.

Har ila yau akwai sa'ar da ta gamu da su. A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka soma yaƙi da baƙin ƙudan nan na bakin kogi mai makantar da mutane, wanda ya sa aka gudu aka bar kwarurrukan Farar Volta da Jar Volta, musamman a ƙasar Bawku. Aka yi ta feshi daga sama har aka rufe shirin a 2002. Dazuzzukan da ba mai iya zama cikinsu suka buɗe, ga ciyawa ga ruwa. Sai dai manomi ma ya gan su, shi ma yana da 'ya'ya, kuma yana ganin ƙasar kakanninsa ce. Rabin rigimar da mu ke yi yau a bakin kogunan nan, a kan alherin da bai kai shekara sittin ba mu ke yin ta.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce mun ce kora alheri ce. An kori makiyaya da soja da 'yan sanda a 1988, an sake a 1999, an harbe shanun mutane. Yaƙin 1994 da ya tashi a Nakpayili kusa da Bimbilla ya ci ƙauyuka a ƙasar Yandi da Salaga, ya ci dabbobin da ba wanda ya biya. A 2011 an kashe Fulani a Zamashegu ta gundumar Gushegu, har da mata da yara. A 2023 an tusa ƙeyar 'yan gudun hijira daga Burkina Faso, akasarinsu Fulani, aka mai da su inda suka gudo. Waɗannan zalunci ne, za mu kuma ci gaba da kiransu da sunansu a gaban kowace hukuma. Abin da mu ke cewa shi ne, a duk labaran nan da muka kawo, a cikin mutanen da masifa ɗaya ta faɗa wa, waɗanda suka miƙe su ne waɗanda ba su tsaya jiran jiya ta dawo ba, kuma suka fita da sunansu ba tabo.

Wannan ya kawo mu Bawku. A ƙarshen 2021 rikicin sarautar garin ya sake tashi, aka sa dokar hana fita, aka tare motoci a hanya, aka yi asarar rayuka, 'yan kasuwa da dama suka kwashe suka koma garuruwan kewaye. A hayin iyaka kuma masu bindiga sun hana kasuwannin Burkina da yawa ci, ga shi a watan Janairu na 2025 Burkina Faso da Mali da Nijar suka fice daga ECOWAS, ƙungiyar da a 1998 ta tsara takardar ƙetare iyaka da garke. Watau ƙasashe ukun da shanun Gana suka fi fitowa. Wanda ya san labarin Kpembe ba zai ji wannan baƙon abu ba. Ba mu ce Bawku za ta bi sawun Salaga ba, Allah ya kiyaye. Yandi ma ta ga nata tashin hankalin a 2002 da aka kashe Ya-Na Yakubu Andani, aka shekara 17 ana jan magana, a 2019 aka naɗa sabon Ya-Na, gari ya zauna. Sarautar Bawku ba tamu ba ce, kada ɗayanmu ya sa baki ko ya ɗauki saƙon wani ɓangare, Kusasi da Mamprusi duka abokan cinikinmu ne, kuma da yawanmu shanunsu mu ke kiwo.

Roƙonmu ga masu saukar baƙi da dillalai, duk wanda zai kwashe ya koma wata kara, ya zauna ya warware bashin da ke kansa tukuna, na baƙo da na ɗan gari, ko da sai ya sayar da abin hawansa. Wanda kuma ya karɓi baƙi a sabon wuri ya kai su gaban sarkin garin da rana tsaka, kada a ji zuwansu a bakin wani. Ga masu kiwon shanun mutane, zamanin baki da baki a wannan fanni ya soma wucewa: a ƙirga shanun gaban shaidu, a rubuta nawa aka karɓa, nawa suka haihu, wa zai biya in an yi ɓarna a gona. Yaron da aka haifa a nan a karɓar masa takardar haihuwa tun yana goye, domin mun ga wahalar da samarinmu suka sha wajen neman katin ɗan ƙasa. In kuma malaman dabbobi sun zo allurar ciwon huhu, a fito da garke duka, kada a ɓoye rabi a bayan dutse.

Muna so yanzu mu ji daga bakin iyayenmu masu saukar baƙi na Bawku, waɗanda suka kwashe da waɗanda suka zauna, domin sun fi mu sanin ta inda shanu ke shigowa bana, da kuma nawa a ke karɓa a kowane shinge kafin mota ta isa Kumasi.